Shekara Guda a Giya ta Ɗaya

Saura kwana uku shekara ta ƙare aka aiko wa ɗakin ba da magani na asibiti sabuwar kalanda. Da yake Auta ce doguwa a cikin ma'aikatan, ita aka sa ta hau kujera ta sauke tsohuwar. Da ta san abin da zai biyo baya, wallahi da ta ce ƙafarta ke ciwo. Tana miƙo kalandar ƙasa, abokiyar aikinta da suke kira Rediyo ta cafe, ta juya bayanta, ta ci karo da rubutu da jan biro.

"Jama'a, a saurara," in ji Rediyo, ta gyara murya kamar mai karanta labarai. "'Bana zan iya mota.' Sa hannu, Auta. Kwanan wata, ranar farko ta wannan shekara da muke sallama da ita. To ranki ya daɗe, ina aka kwana?"

Mutum biyu da ke jiran magani a bakin taga suka tuntsire da dariya, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Auta ta sauko, ta fizge kalandar, ta nannaɗe ta, ta cusa a ƙarƙashin kantar magani.

"Ni dai alhamdu lillahi," Rediyo ta ci gaba, don ita ba ta da wurin kashewa. "Na gama kwas ɗina, na yi wa ɗakina sabon rufi, na cire haƙorin nan da ya hana ni sakat. Ke kuwa har yanzu kawo ki ake yi ana ɗauka kamar kwalin magani. Mota kika saya ko hoton mota?"

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai shi ne ita da kanta ta rage wa kanta kaya. A shekarun baya takan jero buri goma ko fi: ta rage ƙiba, ta koma karatu, ta daina yi wa yara faɗa da sassafe. Babu wanda ke kai wata uku da rai. Wannan karon sai ta yi wayo, ta ce abu ɗaya tak za ta ɗauka, wanda ko raguwar mace za ta iya. Ga shi ɗayan ma ya gagara. Tana da shekara arba'in da uku, tana ba wa mutane maganin da kuskuren ƙwaya ɗaya zai iya kwantar da su, amma an ce har yau ba ta isa ta hau titi ba.

Motar tata ce halak malak. Ƙarama ce, ruwan toka, ta hannu, kuma sai da ta ƙuntata wa kanta shekara huɗu kafin ta same ta. Mijinta yana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Ga 'yan mata biyu da ake kaiwa makaranta, ga Inna, mahaifiyarta, da ke ganin likita duk sati biyu saboda hawan jini. Auta ta gaji da tsayuwa a bakin titi tana ɗaga hannu, rana na dukan tsohuwa. Ranar da aka kawo motar, ta ce gobe za ta je ta ba da sunanta a makarantar koyon tuƙi.

Nan Yaya ya shigo maganar. Shi ne babban wansu, kuma kowa a layinsu Direba yake ce masa, har Inna. Shekara ashirin da takwas ya yi yana jan tirela, sai ga shi ya dawo gida da jakarsa wata biyu kafin zuwan motar, ya ce ya gaji da kwanan hanya, ya ajiye.

"Makarantar me?" ya ce, kamar an zage shi. "Ina raye, ina numfashi, ƙanwata ta je wurin wanda ya koyi tuƙi shekaranjiya ya ɓata mata hannu? Ba ni mukullin. Kafin ki iya, ni zan riƙa kai ku."

Ta ba shi, har da godiya. Wauta ke nan, in ji ta yanzu.

Wata biyu na farko ko tayar da motar ba a yi ba. Duk Asabar da safe sai ya kai ta wani fili a bayan tsohuwar ma'aikatar katako, ya kashe injin, ya ce ta taka kuloci ta saki, ta taka ta saki, har ƙafarta ta riƙa rawa. Daga nan aka shiga duba mai da ruwa. Daga nan aka shiga canza taya, tana durƙushe cikin ƙasa da zanenta mai kyau, shi yana tsaye da hannu a baya yana cewa ta ƙara ɗaurewa. Sai a wata na biyar ya mirgino wasu tsofaffin durom biyu, ya ajiye ɗaya can ɗaya nan, ya ce ta zagaya su a giya ta ɗaya. Tun daga ranar take zagaya durom. Ta zagaya su ta dama, ta zagaya su ta hagu, ta zagaya su da baya. Ta san kowace tsatsa da ke jikinsu. Takardar koyon tuƙi sau biyu tana sabuntawa, har ma'aikacin ya fara tambayar ta ko lafiya.

Shi kuwa Yaya motar ta zama ofishinsa. Da asuba ya wanke ta, ƙarfe bakwai ya danna hon a ƙofar gidanta. Makaranta, asibitinsu Auta, wurin likitan Inna, shi ke nan. In ta ce a biya kasuwa, ya ce wurin ajiye mota babu. In rana ta kusa faɗuwa, ya ce fitilun motar ba su da kirki. Mai mota da motarta, sai ta koma hawa ta haya.

Ran Juma'a da yamma ta kai ƙara wurin Inna, wadda ke zaune a gidan Yaya, gida huɗu tsakaninsu. Tsohuwar tana tsince shinkafa a faranti, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ke dama gaggawa gare ki," ta ce. "Wata tara ma ba ki iya jira ba, a na bakwai kika fito. Ki bi shi a hankali, yayanki ne."

"Inna, shekara guda fa!"

"To mutuwa kika yi?"

Auta ta tashi ta tafi, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba na faɗa wa uwa ba ne.

Asabar ta ƙarshe a shekara, ƙarfe takwas, suna fili. Yaya ya fito ya zagayo ya zauna a kujerar mai zaman banza, ita ta koma bayan sitiyari. Ya sa ta gyara madubi sau uku, kamar wani ya taɓa shi tun makon jiya.

"Yaya," ta ce, kafin ta tayar, "yau mu ɗan waiwaya. Shekara ta ƙare. Me na iya?"

"Kin yi ƙoƙari, ba laifi." Ya gyara hula. "Da kina kashe mota sau biyar, yanzu sau ɗaya. Kin daina kallon ƙafarki. Taya kuwa, ko a tashar manyan motoci ba za ki ji kunya ba."

"Baɗi fa?"

"Na tsara komai." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Wata ukun farko, giya ta biyu, a nan fili. In na ga hannunki ya faɗa, tsakiyar shekara mu taɓa ta uku. Zan ƙaro durom."

"Titi fa?"

"Titi guduwa zai yi? Wannan sai shekarar da ke bin ta, in Allah ya kai mu."

Durom zai ƙaro! Ta tayar da motar, ta saki kuloci a hankali kamar yadda aka horar da ita, ta nufi durom na farko. Da ta zo gab da shi, maimakon ta karya kwana, sai ta taka kuloci ta ja giya zuwa ta gaba. Motar ta yi ɗan tari, ta miƙe. Ashe giya ta biyu ke nan, abin da ake ta ɓoye mata kamar gadon marayu.

"Ke! Me kika yi?"

"Na sa ta biyu."

"Wa ya ce ki sa? Mayar!"

"Ba zan mayar ba."

Ƙofar filin a buɗe take, wata tsohuwar ƙofar ƙarfe da ta karkace. Auta ta saita hancin motar a tsakiyarta. Yaya ya dafe gaban mota da hannu biyu yana ta kiran birki, birki, yana taka ƙasa da ƙafarsa kamar akwai birkin a wajensa. Suka fita. Tayoyin suka hau kwalta, ƙarar tsakuwa ta ɗauke.

Kada a yi wa Auta ƙarya, tuƙin ba kyau. Ta riƙe sitiyari kamar za ta karya shi, gumi na bin bayanta. Ta so kunna sigina, sai magogin gilashi ya hau kaiwa da kawowa, ta rasa yadda ake kashe shi, haka ta tafi yana ta shara a busasshen gilashi. Wani mai babur ya wuce ta yana ɗaga mata hannu, ba gaisuwa yake yi ba. Amma tana tafiya. Shaguna na wucewa, mai wankin mota ya wuce, gidan burodi ya wuce, kuma ita ce ke wuce su.

"Kin haukace," in ji Yaya. "Wallahi kin haukace. Tsaya mu canza."

"In na tsaya ba zan iya tashi ba."

"Shi ya sa na ce ba ki isa ba!"

"Shekara guda kana cewa ban isa ba. Yaushe zan isa, ranar da za a ɗauke ni a makara?"

A gabansu akwai mahaɗa, inda ƙaramin titin ya faɗa babba. Dole ta tsaya, kuma tana tsayawa motar ta mutu. Na baya ya danna hon, na bayansa ya taya shi. Ta murɗa mukulli, motar ta yi tsalle ta sake mutuwa, don ta manta tana cikin giya. Hawaye suka ciko mata, na haushi ba na tsoro ba. Ta haɗiye su, ta taka kuloci, ta sake murɗawa, injin ya kama.

Ganin babu yadda zai yi, Yaya ya koma direban da ya saba. A babbar mota, na kujerar gefe shi ke duba ɓangarensa ya ba direba labari, kuma ya sha gaya mata haka a fili, cewa in abokin tafiya ya ce tafi, to tafi.

"Duba hagunki, ni zan duba nan," ya ce. Ya juya kai dama, ya daɗe yana kallo. "Ta nan babu kowa. Tafi."

Ta fara sakin kuloci. Allah ne kaɗai ya sa ta waiga dama, ta gaban hancin Yaya. Wani dattijo ne a kan keke, ya ɗauro dogayen katakai a baya, yana tafe a gefen titi, bai fi taku goma ba. Ta danna birki da duk ƙarfinta. Motar ta mutu a karo na uku, dattijon ya goce da kyar, ƙarshen katakon ya shafi fitila ya wuce. Ya waigo ya zazzaga musu abin da ya sawwaƙa, ya ƙara gaba.

"Ba ka gan shi ba?" ta ce.

"Daga ina ya fito?"

"Yaya, a gabanka yake. Kai kake kallon wajen."

"Masu keken nan ba su da hankali, sai su faɗo wa mutum daga sama."

Ba ta san yadda ta tayar da motar ba, ba ta kuma san yadda ta tsallaka ba. Ta dai tsinci kanta a gefen titi, gaban wani shagon tela da ba a buɗe ba, taya ɗaya a kan dakali. Ta ja birkin hannu, ta kashe injin, magogin gilashin ya tsaya a tsakiya. Ta juya ta dubi yayanta da kyau, irin kallon da take yi wa mara lafiya idan ya ce yana shan magani alhali ba ya sha.

"Karanta min allon can," ta ce, ta nuna wani babban allo a tsallaken titi, mai haruffa kamar kan mutum.

"Ni ɗan makaranta ne?"

"Karanta."

"Ba na son raini, Auta."

Ta miƙa hannu ta gabansa, ta ɗaga yatsu uku a gefen fuskarsa ta dama. Bai ko ƙifta ba. Sai da ta matso da hannun saitin hancinsa sannan ya zabura ya ture shi.

Wata mata ta wuce da bokiti a ka, ta leƙa su ta wuce.

"Tun yaushe?" in ji Auta.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa. "Na daman ya tafi, sai hazo. Na hagun yana gani, in da rana, in abu bai yi nisa ba." Ya yi maganar ƙasa-ƙasa, yana kallon hular. "Kamfani suka yi mana gwajin ido. Ba ni na ajiye ba, su suka ajiye ni."

"Wa ya sani?"

"Ke."

"Matarka fa? Inna fa?"

"Na ce ke."

Da za a tambayi Auta, da ta ce tausayi ya kamata ya fara zuwa. Bai zo ba. Abin da ya zo wuta ce. Ta tuna 'yan matanta biyu a kujerar baya kullum safiya, ƙaramar tana cin biskit tana waƙa. Ta tuna Inna a gaba, tana jan carbi tana sa masa albarka.

"'Ya'yana!" ta ce. "Shekara guda kana ɗaukar min 'ya'ya da ido ɗaya, shi ma rabi? Kana ɗaukar Inna? Haba Yaya! Haba!"

"Ko kaza ban taɓa takewa ba. Hanyoyin nan uku na san su kamar yunwar cikina. Na san kowane rami, na san inda ake tsallakawa, ba na wuce giya ta uku."

"Mutumin nan na keke rami ne? Yana cikin abin da ka haddace?"

Ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta ɗora.

"Ni kuma ka mayar da ni sakarya. Ina zagaya durom kamar akuyar da aka ɗaure, ana yi min dariya a wurin aiki, ina zuwa gida ina cewa ko dai kaina ne ba ya ja. Ka san na taɓa kuka a banɗaki saboda na ɗauka ni ce daƙiƙiya? Ashe tun tuni na iya."

"Tun wata na shida," ya ce. "Hannunki ya fi na wasu da na yaye suka hau tirela."

Wannan ita ce yabon da ta yi shekara tana jira, kuma da ya zo ji ta yi kamar ta buga kanta a sitiyari. Ta yi tsaki mai tsawo, ta juya fuska waje.

"To don me?" ta ce. "Me na yi maka?"

"Ba ki yi min komai ba." Ya juya hular a hannunsa. "In kin iya, ni me zan tashi in yi da safe? Ki gaya min. Tun ina ɗan sha tara nake bayan sitiyari, ban iya komai ba sai shi. Watan nan biyu da na yi kafin ki sayi motar, kin san yadda na yi su? In fito ƙofar gida in zauna, rana ta kore ni, in koma ɗaya gefen. Matata ta fara aikena sayen gishiri. Da motarki ta zo, na sake zama mutum mai ƙarfe bakwai."

"Da ran 'ya'yana."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Da ka sani da ba ka yi ba."

Ta so ta ci gaba da faɗa, don akwai sauran magana cike da ciki, amma mutumin da ke gefenta ba shi ne mai tsawar fili ba. Wani tsoho ne mai furfura a gefen kunne, wanda ya taɓa goya ta zuwa makaranta ranar da ta taka ƙusa. Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka, wannan kuwa ya fi komai ciwo.

"Me likita ya ce?" ta tambaya daga baya.

"Wai a yi aiki. Na hagun ana iya ceto shi, na daman sai an gani."

"Ka koma?"

"In bari a sa min wuƙa a ido? In wanda ya rage ma ya tafi fa?"

"Zai tafi ai, in ka zauna." Ta share fuska da gefen mayafi. "To ji nawa tsarin na baɗi, tunda kai ka karanto naka. Abu ɗaya ne. Ranar Litinin za mu asibitin ido, kuma duk ranar da suka ba mu za mu koma, har a gama. Ni zan kai ka. Daga yau ba ka ƙara tuƙa motar nan."

"In aikin ya yi kyau fa?"

"Sai likita ya rubuta min da hannunsa."

Ta tayar da motar. Wannan karon ba ta mutu ba, kuma wajen laluben sigina ta dace da abin kashe magogin. Ta sauko daga dakalin da ƙara, ta kama hanyar gida. Duk mahaɗar da suka zo, ta duba hagu, ta duba dama da kanta. Yaya bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Sa ta uku, kina wahalar da injin," ta sa.

Sai da suka zo kwanar layinsu ya gyara zama, ya mayar da hularsa.

"Auta, ɗan tsaya nan."

"Me ya faru?"

"Mu canza. Daga nan zuwa ƙofar gida kawai." Bai dube ta ba. "Kowa ya ga na fita da ke. Bari in shiga da ke, yau kaɗai. Ranar Litinin sai in ce kin iya, na sallame ki. Ki bar ni in faɗa da bakina."

Ta rage gudu. Ƙafarta ta hau kuloci da kanta. Abin da ya roƙa bai fi tsawon gida goma ba, kuma a layin nan aka haife shi. Tunda take ba ta taɓa jin ya roƙi wani abu a wurinta ba, umarni yake bayarwa. Ta dubi layin. Safiyar Asabar ce, ba makaranta. Wasu 'yan mata ƙanana sun zana layuka a ƙasa suna tsalle a gefen dama, wata jaririya mai rarrafe ta fito bakin ƙofa, uwarta ta ba da baya tana shanya.

"Auta."

"A'a, Yaya."

"Gida goma ne fa."

"Na ce a'a."

Ta karya kwanar, ta shiga layin a hankali, tana danna hon fiye da yadda ake bukata. Masu shago suka leƙo. Wata maƙwabciya ta saki tsintsiya ta hau tafi, wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Direba, yau kai ne fasinja?" Yaya ya ɗaga masa hannu yana murmushi, murmushin da Auta ta gwammace ba ta gani ba.

Inna tana zaune a kan kujera a ƙofar gida tana shan hantsi. Ta sa hannu ta kare ido, ta ga wadda ke bayan sitiyari, ta miƙe da sandarta tun kafin motar ta gama tsayawa, a karkace, rabi a hanya.

"Ikon Allah! Auta ce da kanta?" Ta zagayo ta wajen ɗanta, ta dafa tagar. "Ban ce miki ki bi shi a hankali ba? Ga shi nan. Sannu da ƙoƙari, Direba, Allah ya yi maka albarka. Ka ga yanzu sai ka huta, ka samu wuri ka zauna."

"E, Inna," ya ce. "Sai in zauna."

Auta ta kashe injin. Ta yi shekara guda tana shirya irin murnar da za ta yi a wannan rana, har ta san wanda za ta fara kira. Ta lalubi murnar a cikinta ba ta same ta ba, sai haushi, shi ma ba ta san na wa ba ne. Inna ta juya tana kiran matar Yaya ta fito ta gani. Shi kuwa bai buɗe ƙofa ba, yana zaune da hannuwansa biyu a kan gwiwa.

"Ran Litinin ɗin," ya ce a hankali, yadda Inna ba za ta ji ba, "in kin zo, kada ki danna min hon. Zan fito da kaina."